Katantanwa a Kwalin Ashana

Ni tela ce, kuma ɗinki ya koya mini kada in yarda da abin da mutum ya faɗa game da kansa sai na auna. Mace za ta shigo shagona ta rantse ƙugunta bai canja ba tun tana budurwa, in ce to, in zagaya ta da tef, in ja bakina in yi shiru. Shi ya sa da wani malamin sakandare ya fara zuwa wurin ƙanwata, Bappa, ƙanen mahaifinmu, bai wahalar da kansa ba. Ya taso daga gonarsa ta Kolere a kan keke, damina ta ɓata hanya, laka har gwiwar wandonsa, ya zauna a benci a bakin shagona da ke Yelwa. Ya sha ruwa moɗa guda, ya share baki, sannan ya ce da ni cikin yarenmu na dutse: “Ke za ki bincika mana shi. In kin ce mutum ne, zan karɓi mutanensa. In kin ce a’a, magana ta ƙare.”

Lokacin muna jihar Gongola, zamanin da ake bin layi kafin a sami sabulu da madara. Iyayenmu sun rasu a can duwatsun Michika, ni na sauko da ƙanwata Mubi tana ƙarama, na yi mata makaranta da wannan keken ɗinkin har ta shiga koyon aikin jinya. Na san tana son malamin. Ranar da zai zo takan share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa, ta tambaye ni ko ɗankwalinta ya karkace. Aurenta yana rataye a bakina, ta sani, na sani, muna kwana ɗaki ɗaya ba mai tayar da zancen.

Abin da Bappa yake so in gano ba albashi ba ne, ba kuma shan giya ba. A wurin mutanenmu akwai tambaya ɗaya da ba a yin ta da ƙarfi: ɗan maƙera ne? Maƙera a dutse su ne masu ƙera fartanya, matansu ke gina tukwane, mazan ke ɗaukar gawa a kafaɗa su binne, su ne kuma masu duba. Kowa na bukatarsu, amma ba a cin abinci kwano ɗaya da su, ba a shan ruwa a ƙwaryar da suka sa wa baki, aure kuwa ko a mafarki. Fasto ya sha faɗa a majami’a cewa wannan ya wuce, kowa ya ce amin, amma ran da aka zo maganar aure tsofaffi sukan aika a tono asali. Bappa dattijon majami’a ne, shi ke riƙe mabuɗin ƙofa, kuma bai taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Malamin dogo ne, siriri, mai ladabi har ya yi yawa. Ni kuwa ladabin da ya yi yawa yana sa ni duba bayana. Yana jin yarenmu sarai, amma in ka tambaye shi ƙauyensu sai ya ce, “Can bayan dutse, kusa da iyaka,” ya juya zancen zuwa ruwan sama. Ya ce ya yi shekaru a kudu yana aiki a jirgin ruwa na masu binciken teku, daga baya ya yi karatun malanta ya dawo gida. Babu wani ɗan’uwa da ya taɓa rako shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai taɓa cin komai a gidanmu ba. A kawo tuwo da miyar yakuwa, ya ce yanzu ya tashi daga kan abinci. A dama kunun gyaɗa, ya ce cikinsa ba daɗi. Ko ruwa aka miƙa masa, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefe, ya ce, “Na gode, Adda, na sha a hanya.” Adda, wato Yaya, haka kowa ke kirana.

Wace hanya ce wannan mai ruwa haka? Daga Nassarawo, inda yake haya, zuwa Yelwa, a rana tsaka, mutum ya zo leɓɓansa a bushe ya ce ya sha.

Na zarge shi da abubuwa da yawa kafin in zo kan na gaskiya. Da fari na ce girman kai ne, ya saba da abincin Turawa a jirgi. Sai na ce tsoro yake kada mu zuba masa wani abu. Na yi kwanaki ina da tabbacin yana da mata da ’ya’ya a Legas, har na zana matar a raina, ƙatuwa mai sayar da kifi. Wata a zumuntar mata ta ce ai duk wanda ya daɗe a kan teku akwai ’yar ruwa da ta riƙe shi, ita ke hana shi cin abincin wata mace. Na yi mata tsaki a fili, amma da na koma gida na ajiye maganar a gefe, ban jefar ba. Maganar maƙera ma ta zo mini, sai na kore ta, don ban taɓa ganin ɗan maƙera da taye da alli a aljihu ba.

Wadda ta kawo mini zaren maƙwabciyarsa ce, wata mai tuya ƙosai da nake yi wa ɗinki. Ta zo karɓar rigarta, ta tsaya tana juya ta a hannu ba ta tafi ba, na san da magana a bakinta.

“Adda, wannan ticha naku, ki sa ido fa,” ta ce. “Ɗakinshi kwalin ashana ne cike, amma in zai kunna risho wurina yake zuwa roƙon wuta. Kwali ɗin ba ashana a ciki. Shekaranjiya kuma na gan shi a mayo, can bakin rafi, da bokiti, yana ɗiban yashi, yana tankaɗe shi kaman gari. Namiji babba, mai digiri. Ya saya daro sabo, ba wanki yake yi da shi ba.”

“Me ke cikin kwalayen?”

“Oho. Yarinyana ya leƙa, ya ce ƙananan abu ne fari-fari a cikin auduga. Ni ban ce komai ba fa.”

Ta tafi ta bar ni da almakashi a hannu. Yashin rafi, tankaɗaɗɗe, a cikin abu mai faɗin baki, da ƙananan abubuwa da ake jerawa a kai. Bahaushe ko Bafulatani ya ji wannan zai ce wasan yara ne. Ni na san wurin da na taɓa ganinsa.

Ina yarinya, lokacin da ciwon mahaifiyarmu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mahaifinmu ya tafi da ni wurin wani maƙeri mai duba da ƙaguwa. Yana da kasko mai faɗi cike da jiƙaƙƙen yashi. Ya shafe yashin da bayan hannu, yana zagayawa daga baki zuwa tsakiya har ya yi sumul. Ya kakkafa tsinkaye a gefe, wannan gidanmu ne, wannan mai ciwo, wannan kabari, ya jera ’yan sakaina a tsakiya, ya zuba ruwa. Sannan ya ɗauko ƙaguwa daga tukunya, ya yi mata magana a hankali, ya sake ta a ciki ya rufe. Da aka buɗe, duk abin da ƙaguwar ta ture ko ta ja, shi ne saƙon. Ya karanta mana ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce mahaifiyarmu za ta tashi in an yanka akuya baƙa. An yanka, kuma shi ɗin ne ya zo ya ɗauki gawarta.

Ranar Asabar da la’asar na sa tef a wuya, na ɗauki yadi, na hau acaɓa zuwa Nassarawo. Ban gaya wa ƙanwata ba. Hujjata ita ce zan auna shi in ɗinka masa riga. Ban yi sallama da ƙarfi ba, na yi irin sallamar da ake yi don a ce an yi.

Yana tsugune a bakin ƙofar ɗakinsa, bayansa gare ni, sabon daro a gabansa. Ya tara yashin ya yi tudu a gefe ɗaya, ya gangaro da shi zuwa ɗaya gefen, ya zuba ruwa har ya rufe shi. Kwalayen ashana a jere a kan tabarma, kowanne a buɗe. Kuma yana shafa yashin da bayan hannu, yana zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Na tsaya ina kallon hannun. Ban taɓa ganin wani ya shafa yashi haka ba sai mutum ɗaya.

Ya juyo ya gan ni, ya miƙe da sauri yana share hannu a wando. “Adda! Sannu da zuwa. Ba a sanar da ni ba. Bari in kawo kujera.”

“Bar kujera, Malam,” na ce. “Ina ƙaguwar?”

Da a ce bai san abin da nake nufi ba, da dariya zai yi, ko ya ce wace ƙaguwa. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa ta sauka gaba ɗaya, ya dubi daron, ya dubi bayan hannunsa da yashi ya manne. Sannan ya ce, “Babu ƙaguwa, Adda. Darasi ne na ranar Litinin. Yarana ba wanda ya taɓa ganin teku, ina so su ga yadda ƙasanta take. Ki zauna in nuna miki.”

Na zauna, amma a bakin kujera, jakata a kan cinya.

Ya ɗauko kwali ɗaya ya miƙo mini. A cikin auduga akwai ’yan katantanwa, ɓawonsu kawai, farare, ba su fi ƙwayar riɗi ba. Sai da ya ba ni gilashin ƙara girma na ga ashe kowace a murɗe take tsaf, da zane-zane a jikinta kamar aikin wuyan riga. Ya ce aikinsa a jirgi shi ne wanke laka. Za a saki wata ƙatuwar koma da wayar ƙarfe ta sauka ƙasan teku, wani wurin tun hantsi ake saki ba za ta dawo ba sai rana ta yi gora. Abin da ke fitowa laka ce mai sanyi kamar daga firji. Shi zai zuba ta a rariya ya wanke, ya tsince abin da ya rage. Waɗanda masu binciken suka gama da su, ko suka yi musu yawa, shi yakan roƙa ya adana, kowane zurfi da kwalinsa.

Ya fara jera su a kan gangaren yashin da tsinken tsintsiya. A can sama, bakin tudu, ya ajiye wata babba kamar dunƙulen hannun jariri, ya ce wannan ta bakin gaɓa ce, jinsinta daban, don kwatance kawai. Daga nan ya gangaro. Na kwalin farko kamar riɗi. Na gaba kamar gero. Na gaba kamar dawa. Can wajen gindin gangaren suka kai kamar ƙaramin wake.

“Waɗannan dangi ɗaya ne,” ya ce. “Ki duba murɗin. Amma ana ƙara zurfi suna ƙara girma.”

Na duba. Idona idon awo ne, ba a yi mini wayo da girma. Gaskiya ne, ɗinki ɗaya ne, lamba ce ta bambanta.

Sai ya ɗauko kwalin ƙarshe, wanda ya fi tsufa, ya ajiye abin da ke ciki a shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙasan daron, nesa da tudun. Na zaci zan ga mafi girma duka. Sai da na sa gilashi kafin in same su. Sun koma kamar riɗi, wasu ma ba su kai ba.

“To me ya faru da waɗannan?” na ce. Na ji haushin kaina da na tambaya, don ba darasi na zo ɗauka ba.

Ya ce can ƙasa babu hasken rana, babu abin da ke tsiro. Duk abin da ke can yana rayuwa ne da ɗan abin da ya zubo daga sama, kamar dusar da ke faɗowa in ana sheƙa. A kan gangare, kusa da gaɓa, tana zubowa da ɗan dama. In aka yi nisa aka kai wannan shimfiɗar, kafin ta sauka an cinye ta a hanya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ke can ba ya samun abin da zai yi jiki.

“Na ji wannan. To na kan gangaren fa? In abinci raguwa yake yi, me ya sa suke ƙara girma kafin su ƙanƙance?”

Ya sosa ƙeya. “Wallahi ban sani ba, Adda. A jirgi ma gardama ake yi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce babba ya fi jure yunwa kuma ya fi iya tafiya neman abinci. Har na bar aikin ba su daidaita ba.”

Wannan ban sani ba ɗin ya tsaya mini. Maƙerin da ya duba mana bai ce bai sani ba ko sau ɗaya, kuma duk masu duban da na ji labarinsu haka suke. Amma ni ba a saye ni da kalma ɗaya. Na yi kamar zan gyara ɗankwali, na sa ɗan yatsa a ruwan, na ture wata mai girman dawa na gangarar da ita can ƙasa cikin ƙananan. A wurin mai duba, abin da ya motsa shi ne maganar. Na zuba masa ido in ga ko zai tsaya ya karanta.

Ya yi tsaki, karo na farko da na ji ya yi tsaki a gabana. “Kai, Adda, a hankali, za su gauraya!” Ya tsamo ta da tsinke, ya duba ta da gilashi, ya mayar da ita inda take, ya ci gaba da magana a kan yadda zai ɗauki daron zuwa makaranta ba tare da ruwan ya kaɗa ba.

Nan na tabbata daron nan ba na duba ba ne. Na yi kuskure a kan daro, amma ban yi kuskure a kan hannu ba, kuma ban zo Nassarawo don in koma da rabin awo ba.

“Malam,” na ce, “na yarda katantanwa ce. Amma da na ce ina ƙaguwar ba ka tambaye ni wace ƙaguwa ba. Kuma wa ya koya maka shafa yashi haka?”

Ya daɗe yana rufe kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi magana, da yarenmu ya yi, ba da Hausa ba.

“Babana ne mai ƙaguwar. Ni nake kamo masa ita a rafi, ni nake tankaɗe yashi in shimfiɗa. Ban san hannuna bai manta ba sai da na ga fuskarki.” Ya ce ya yi baftisma tun yana makarantar mishan, bai taɓa ƙira ba, bai taɓa duba ba. Ya tafi kudu ne don can ba wanda ya san wannan zancen. A jirgi kowa kofi ɗaya yake sha, har Bature.

“Shi ya sa ba ka sha a gidanmu.”

“In na sha a moɗarku ba ku sani ba, ran da kuka sani za ku ce na cuce ku. Za ku fasa randar. Na ga an yi.”

“Ƙanwata ta sani?”

“Tun ranar da na fara yi mata magana.”

Na tashi ban auna shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi ba. Yarinyar da na goya a bayana daga dutse har Mubi, ta kwanta kusa da ni wata da watanni da wannan a cikinta, tana kallona ina ta zargin yana da mata mai kifi a Legas. Da na isa gida tana wanke fararen kayan asibitinta. Na ce mata daga Nassarawo nake. Hannunta ya tsaya a cikin kumfa.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Adda, da na faɗa, da kin je kin ga katantanwar?”

Gaskiyarta, da ban je ba. Ta ce ba za ta gudu ba, ba za ta yi aure a bayan idona ba. In na ce wa Bappa a’a, za ta haƙura, amma kada in ƙara kawo mata zancen wani namiji. Ba kuka take yi ba, da kuka ne da ya fi mini sauƙi.

Na yi kwanaki ina ɗinki ina farkewa. Hanya mafi sauƙi ita ce in ce wa Bappa na bincika, mutum ne, in rufe bakina. Amma dutse ba nisa gare shi ba, ran kasuwa ɗaya ta isa wani ya gane shi, kuma ni da nake auna ƙugun mutane ba zan tsaya gaban Bappa in rage inci ba. Ba zan ɓoye ba, abin yana cikin jikina ni ma. In na tuna leɓensa a bakin moɗata sai maƙogwarona ya tsuke, ba da izinina ba. Haka aka rene ni. Sai kuma in tuna shi zaune a tsakar gidanmu cikin zafin bazara, ruwa a gefensa, yana haɗiyar yawu saboda kada mu yi asarar randa. Randar kuwa matan maƙera ne suka gina ta, kamar wadda ke ɗakin Bappa, fartanyar da ya ci abinci da ita duk rayuwarsa kuma mazansu ne suka ƙera ta.

Ranar Lahadi bayan sujada Bappa ya biyo don jin amsa. Na riga na aika wa malamin ya zo, bai san dalili ba. Suka zauna a inuwar darbejiya, Bappa a kujera, shi a tabarma. Ƙanwata ta laɓe a bakin ƙofar ɗaki. Na ɗebo ruwa a randa da moɗar silba, wadda Bappa ya saba sha da ita, na wuce Bappa na miƙa wa malamin.

“Na gode, Adda, na sha a…”

“Ba ka sha ba. Sha.”

Ya dube ni, ya dubi Bappa. Ya kurɓa kaɗan ya sauke. Na karɓi moɗar na riƙe.

“Bappa, ka sa ni bincike, na yi. Ba ya shan giya, ba shi da mata a kudu, ba ya duba. Abin da ake gani yana yi da yashi darasin ’yan makaranta ne, na gwada shi da kaina. Ubansa maƙeri ne, mai ƙaguwa. Ka ce in na ce mutum ne za ka karɓi mutanensa. Mutum ne.”

Na juya moɗar daidai inda bakinsa ya taɓa na sha. Maƙogwarona ya tsuke kamar yadda na san zai yi, na tilasta masa, na shanye har ƙasa. Ruwa ne kawai, mai sanyin randa.

Bappa bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na san yadda zan yi da shi. Ya zauna yana kallon moɗar a hannuna har kaza ta zo ta wuce tsakaninmu. Sannan ya ce shi bai taɓa mayar da maganarsa ba, kuma ba zai fara a kan ’ya’yan ɗan’uwansa ba. Mutanen malamin su zo, zai karɓe su. Ya ɗauki kekensa ya tura shi har bakin titi bai hau ba.

Ya cika alkawari. Ya karɓi mutanen, tsohuwar uwar malamin da ƙannen ubansa, a tsakar gidana, ya tsaya a majami’a a matsayin uba. Rabin danginmu ba su sauko daga dutse ba, wasu matan ƙauyenmu kuma suka kai ɗinkinsu wani shagon. Ƙanwata ta tare a Nassarawo. Kwalayen ashanan suna nan a gidansu har yau a cikin gwangwanin madara, jikokinsu sun ɓatar da na bakin gaɓar, ƙananan ne suka rage. Ni kuma ban daina sa wa surukina ido ba, don hali ba ya barin mutum, sai dai ban taɓa kama shi da komai ba in ban da yawan ladabi.

Bappa bai daina zuwa wurina ba. Duk ran da ya shigo gari daga Kolere sai ya jingina kekensa a bakin shagona, ya zauna a bencin nan, ya tambayi aiki, ya tambayi yaran, ya kawo mini gyaɗa ko sabuwar masara. Ni kuma duk zuwan da ya yi sai na tashi daga kan keken ɗinki na ɗebo masa ruwa. Har moɗa na sake, na sayi sabuwa fil na nuna masa takardar kanti a jikinta. Yakan karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefen benci, leɓɓansa a bushe, gumi na bin wuyansa. Har ya rasu amsarsa ɗaya ce.

“Na gode, ’yata. Na sha a hanya.”